Ɗigo Tara a Katin Kawuna

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara rubuta miki, ukun farko duk na yage su. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina yawo da wata magana a ciki, ko mijina bai ji ta ba. Ƙarshen watan nan wasu mutane za su zauna su yanke ko wani bawan Allah zai koma bakin aikinsa ko za a sallame shi, kuma a kan takardar da ni na ɓata za su yanke. Mutumin nan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida.

Bari in fara gaya miki aikina, in ba haka ba ba za ki gane girman abin da na yi ba. A asibiti nake, amma ni ba nas ba ce, allura ma tsoronta nake ji. A ɗakin kati nake, can ƙurya bayan wajen karɓar magani, ɗaki mai taga ɗaya wadda bango kawai take kallo. Mu huɗu ne, da fanka ɗaya da kullum muke rigima a kan wanda za ta fuskanta. Idan likitoci sun gama ganin mutane, washegari ake turo mana fayilolin. Nawa shi ne in karanta abin da likita ya rubuta, in nemo lambar cutar a babban littafin lambobi, in shigar a kwamfuta. Kowace cuta da lambarta: harafi, lambobi biyu, ɗigo, sai wata lamba a ƙarshe. Da zarar na shigar, fayil ya koma ma'ajiya, ba mai sake duba rubutun likita. Duk wanda zai haɗa rahoto ko ya buga wa mara lafiya takardar shaida, lambar da na sa yake kallo. A da da alfahari nake faɗin haka.

Ciwon fata ya fi kowanne ba mu wahala, don kumburin fata da ƙaiƙayi iri-iri ne, kowanne da lambarsa. Na wanda sabulu ko wani sinadari ya ci wa hannu daban, na wanda ya sha magani jikinsa ya ƙi daban, na wanda ya taso da shi tun yarinta daban. A ƙarshen jerin akwai wata lamba da aka ajiye domin ranar da likita da kansa bai tantance ba: kumburin fata wanda ba a bayyana irinsa ba. Da ɗigo da tara take ƙarewa, shi ya sa a ofis Ɗigo Tara muke ce mata. Ba haramtacciya ba ce, tana da wurinta. Sai dai ƙa'ida ta ce in rubutu bai karantu ba, ko kina shakka, ki cike 'yar takardar tambaya ki aika wa likitan, kada ki yi zato.

Likitan fatarmu ranar Talata kawai yake zuwa, har Likitan Talata muke kiransa. Mutumin kirki ne ga marasa lafiya, kowa ya shaida, amma rubutunsa sai ka ce kaza ta yi tono. Watana biyu da fara aiki na ɗauki takardar tambaya na kai masa da kaina. Ya leƙo ni ta saman tabarau, a gaban nas biyu, ya tambaye ni ko so nake ya bar mutum arba'in a layi ya zauna koya mini karatu. Banɗaki na wuce na ci kukana. Tun daga ranar, shekara uku ke nan, ban sake aika masa tambaya ko ɗaya ba. Duk abin da ya gagare ni a rubutunsa, sai in jefa shi Ɗigo Tara.

Ga kuma wani allo a bangon ofis, inda shugabarmu, wadda muke ce wa Uwar Ɗaki, take rubuta yawan fayilolin da kowa ya gama a mako. Sunana ya daɗe a sama. Sirrin kuwa abokiyar teburina ce ta koya mini: idan mara lafiya ya dawo, kwamfuta tana nuna lambar da aka sa masa a zuwan baya, maɓalli ɗaya za ki danna ta maimaita. Ta ce mai ciwon fata da ya dawo ai ciwon jiya ne ya dawo da shi, me zan ɓata lokaci ina juya shafi? Ba dole ta yi mini ba, ni na ga abin ya yi mini daɗi. Suna ma na daina kallo, lambar kati kawai nake bi.

Yanzu ga Kawu. Shekararsa ashirin da biyu a wani kamfanin wanki da guga, masu wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal. Yana ɓangaren jiƙo, inda ake tsoma masu tabo a manyan robobi a cuɗa su da hannu kafin su shiga inji. Mutum ne mai barkwanci, ba ya zama wuri bai bar mutane da ciwon ciki don dariya ba. Shi ya kama hannuna ya koya mini riƙon fensir. Da na samu aikin nan ya raɗa mini Likitar Takarda, kuma duk baƙon da ya shigo gidansa sai ya ji cewa 'yarsa ce take riƙe da asibiti, likitoci taya ta kawai suke yi.

Bara kamfanin ya canza garin sabulun da suke jiƙo da shi. Ba a jima ba hannuwan Kawu suka fara ja, suka koma ƙaiƙayi, fata ta riƙa saɓa tana tsagewa a gaɓoɓin yatsu har da jini. Safar hannun da ake ba su gajera ce, ruwan yana shiga ta sama ya kwanta a ciki. Na ga hannun da idona. Na ce Kawu a je asibiti, ya ce ana zuwa, Likita. Na ɗauka wani ƙaramin wuri yake zuwa kusa da gida. Ashe namu yake zuwa, har sau biyar, yana bin layi tun safe, bai taɓa leƙo ni ba, wai kada a ce ya zo cin albarkacin 'yarsa ya tsallake mutane. Yana zaune a benci, ni ina bayan bango biyu ina danna maɓalli.

Da abin ya ishe shi, ya roƙi a mayar da shi ɓangaren ninki, inda ba ruwa ba sabulu. Suka ce ya kawo takardar asibiti da ta nuna aikin ne ya jawo. Irin wannan takarda a wajenmu daga kwamfuta ake buga ta, likitan da yake kan aiki ranar ya sa hannu, ko da bai taɓa ganin mara lafiyar ba. Ta fito da ranaku biyar a jere, kowacce da magana ɗaya a gabanta: kumburin fata, ba a bayyana irinsa ba. Manajansu ya karanta ya ce asibiti bai ce sabulunsu ba ne. Ya ƙara da cewa tunda likitoci ma ba su san mene ne ba, ba zai bari ya taɓa zanen da baƙi za su kwanta a kai ba, jiƙaƙƙe ko busasshe. Aka ce ya zauna a gida har kwamiti ya zauna ƙarshen wata.

A gida kuma, matar Kawu da ta ji kalmar ba a san irinsa ba, hankalinta ya tashi. Ba muguwa ba ce, ita ma ta sha wahalata, tsoro ne kawai. Wannan maƙwabciya ta ce ƙazuwa ce, waccan ta ce kirci ne mai bin gida. Sai ta ware masa kwanonsa da tawul da sabulun wanka, ta ɗaura jan zare a mariƙin kofinsa don kada wani ya ɗauka da mantuwa. 'Yarsu ta fari ta haihu wata huɗu da suka wuce, jikarsa ta farko, an hana shi ɗaukarta. In zai yi mata wasa sai ya mayar da hannuwansa baya ya sunkuya yana yi mata gwalo. Hannun ma tunda ya zauna a gida ya fara kamewa, amma matarsa cewa take yi ware kayan ne ya yi amfani.

Duk wannan ban san da takardar ba sai ranar wata Asabar da na je gaishe su. Ya shiga ɗaki ya fito da ita a cikin leda, ya ce ga mai abin ta zo, a ba Likitar Takarda ta fassara. Ina buɗewa na ga tambarin asibitinmu, na ga Ɗigo Tara sau biyar reras. Gwaggo, na san fayilolin Talata teburina suke sauka. Ya tambaye ni me take nufi. Maimakon in ce bari in bincika, sai na ji bakina yana cewa wani lokaci likitoci ba sa iya ganewa, haka ciwon fata yake. Ya ninke takardar a hankali da waɗannan yatsun nasa, sannan ya ce: "Allah sarki. Da ma hannunki ta biyo, 'yata, da ba haka ba."

Ban san yadda na kai gida ba.

Ranar Litinin na shiga ma'ajiya na zaro fayil ɗinsa, abin da doka ta hana, don ba a buɗe fayil ɗin ɗan'uwa, ba a kuma buɗe wanda aiki bai kawo shi gabanka ba. Zuwan farko, likita ya rubuta kumburin fata da alamar tambaya. Nan lambata daidai take. Zuwa na biyu ya ƙara cewa ciwon yana sauƙi in mutumin ya huta aiki. Zuwa na uku, a bayan shafi, ranar kamar da gayya rubutun ya fito sarai, ya rubuta cewa sabulun wurin aiki ne yake cin hannun, ba ya yaɗuwa, a ɗauke shi daga aikin ruwa. Har layi biyu ya ja a ƙasa. Zuwa na huɗu da na biyar tambaya yake yi ko an canza masa wurin. A gefen kowane shafi kuwa ga haruffan sunana da jan biro, alamar na karanta na shigar. Wallahi ban juya shafin ba. Likitan da na shafa wa laifi a gaban Kawu ya yi aikinsa tun wata bakwai da suka wuce.

Abokiyar teburina kaɗai na gaya wa, ita ma don ta same ni ina kuka a tsakanin kantocin fayil ne. Ta ce in kwantar da hankali, in canza lambobin shiru, in sake buga takarda, in samu wani likita mai sauri ya sa hannu, in kai wa Kawu in ce asibiti ya sake dubawa. Ta ce kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya. Na yi ta juya maganar. Amma kwamfuta tana ajiye sunan duk wanda ya taɓa lamba da ranar da ya taɓa, kuma za a ga fayil ɗin kawuna ne. In kuma na je na faɗa da bakina, laifi biyu zan kai kaina: kwafe lamba ba karatu, da buɗe fayil ɗin ɗan'uwa. Ana iya korata daga aiki. Sau biyu ina zuwa ƙofar Uwar Ɗaki da niyya, na farko na ɓuge da tambayarta ko akwai sauran biro, na biyu na ce sannu da aiki na juya.

Yanzu kowane fayil sai na karanta shi gaba da baya, har sunana ya sauko ƙasan allo. Uwar Ɗaki ta ja ni gefe tana murmushi ta tambaye ni ko ƙaruwa aka samu ne na yi sanyi haka. Akwai kuma abin da ba na son tunawa: Kawu ya ce ba shi kaɗai ba ne a ɓangaren jiƙo hannu ya lalace, kuma na san asibitinmu ne mafi kusa da su. Ban duba ba. Tsoro nake ji in duba.

Jiya ya kira ni sau biyu ban ɗauka ba. Ya aiko saƙo wai ko lafiya Likita ta yi shiru, ko marasa lafiya ne suka yi yawa. Korar ma ba ta kai mini kallon da zai yi mini ba in ya ji. Ni da yake nunawa a gaban baƙi. Talata biyu suka rage kafin kwamitin ya zauna. In gyara shiru kamar yadda aka ba ni shawara, tunda dai abin da yake bukata shi ne takarda mai kyau? Ko in tona kaina? In kuma na tona a ofis, dole ne shi ma ya sani? Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi zafi, na cancanta.

Taki, Mai Lambobi

AMSA

'Yata Mai Lambobi, share hawayenki ki gyara zama, lokacin kuka ya ƙure mana. Na tsallake wasiƙu shida na ɗauko taki saboda Talatocin nan biyu, kuma na aika miki amsar nan ta adireshin da kika bari tun kafin ta fito a shafin jarida.

Kin ce in gaya miki gaskiya, to ga ta. Kin yi laifi. Kin sa hannu a kan shafin da ba ki karanta ba, ba sau ɗaya ba, kuma kin san ƙa'ida. Na biyun ya fi damuna: ranar Asabar ɗin nan kin ɗora wa likita abin da zuciyarki ta riga ta fara gaya miki naki ne. Na farko sakaci ne, na biyu tsoro ne ya sa ki ƙarya. Ba zan shafa miki mai a baki in ce ba komai ba, ke ma ba za ki yarda da ni ba.

Amma kada ki kwashe kayan kowa ki ɗora a kanki. Ofishin da ya kafa allo yana auna mutane da sauri, bai taɓa auna su da daidai ba, da hannunsa a ciki. Likitan da ya kunyata sabuwar ma'aikaciya don ta yi tambayar da doka ta ce ta yi, shi ya rufe ƙofar da ya kamata ta zauna a buɗe. Wanda ya sa hannu a takardar da aikin mutum ya rataya a kanta bai buɗe fayil ba, shi ma ya kwafe ne kamar ke. Manajan kuwa ya samu abin da yake so ne ya riƙe. Na lissafa miki su don ki san nauyinki daidai, ba don ki ɓuya a bayansu ba. Duk cikinsu ke kaɗai kika san abin da yake bayan shafin nan bai shiga takardar ba, shi ya sa gyaran ya faɗo kanki.

Shawarar abokiyar teburinki ki ajiye ta inda kika same ta. Na zauna da wata tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin kati da ta yi ritaya, na karanta mata wasiƙarki ba suna. Ta ce kuskuren lamba abu ne da ake yi ake gyarawa, kuma kowane asibiti yana da hanyar gyaransa a rubuce. Canza bayanan ɗan'uwa a ɓoye kuwa, wannan ba kuskure ba ne kuma, kuma shi ne wanda ba a yafewa. Ki kuma duba ta ɓangaren Kawu. Kamfani yana riƙe da takarda ɗaya. In kika kawo ta biyu da ta saɓa mata, ba bayani, manajan nan zai ɗaga waya ya tambayi asibiti. Ranar da aka gano 'yar mara lafiyar ce ta taɓa lambobin, gaskiyar da likita ya rubuta ma za ta koma abin zargi, a ce haɗin baki ne. Sai ki kashe masa hujjarsa da hannunki karo na biyu.

Ga abin da za ki yi. Ranar Litinin da safe, kafin ki zauna a teburinki, ki shiga wajen Uwar Ɗaki da takarda a rubuce, don bakinki ya riga ya nuna miki zai iya ɓugewa da maganar biro. Gajera: lambar katin, ranakun, abin da likita ya rubuta, abin da kika shigar, da cewa mara lafiyar kawunki ne kuma kin buɗe fayil ɗinsa. Kada ki bar wannan na ƙarshen sai an tono. Ki ce kina roƙon wani ba ke ba ya yi gyaran, kuma akwai wa'adi. A takardar ki ambaci maɓallin maimaitawa, ki nemi a sake duba fayilolin fata da suka bi ta teburinki, musamman na masu dawowa. Abokan aikin Kawu da kike tsoron dubawa, ta nan za a kai gare su, ba ta hanyar ki koma ma'ajiya ke kaɗai kina leƙe ba. Sunan abokiyarki ba sai kin kai ba, ki faɗi abin da ke kika yi.

Ba zan yi miki alƙawarin ba za a hukunta ki ba. Ana iya ba ki takardar gargaɗi, ana iya ɗauke ki daga teburin na wani lokaci, ana iya yin abin da ya fi haka. Abin da na sani shi ne, shugabanni suna bambanta wadda ta kawo kanta da wadda aka kamo, kuma wadda ta shigo da laifinta da hanyar gyara a hannu ɗaya ba kasafai ake rabuwa da ita ba.

Ranar Talata kuma Kawu da kansa ya zo gaban likitan, da takardar nan ta cikin leda, ya nemi rahoton da likitan zai rubuta da hannunsa ya sa hannu, wanda ya faɗi sanadin ciwon, da cewa ba ya yaɗuwa, da irin aikin da zai iya. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba, don haka ba tsallake layi a ciki. Ya nuna masa yadda hannun ya kame tunda ya bar ruwan. In Kawu ya yarda, matarsa ta biyo shi ta ji da kunnenta, don maganar likita za ta fi taki shiga. In rahoton ba zai fito kafin ƙarshen wata ba, Kawu ya rubuta wa kwamitin cewa asibiti yana gyara takardar farko, a ɗaga zaman. Shi kuma likitan, in ya leƙo ki ta saman tabarau, ki tsaya. Mutumin da ya ja layi biyu a ƙarƙashin magana, ya dawo sau biyu yana tambaya ko an canza wa mara lafiyarsa wuri, zai fi ki son a gyara.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ce ainihin wasiƙar. E, dole ya sani, kuma shi zai fara sani, kafin Uwar Ɗaki. Ba za ki iya turo shi gaban likita ranar Talata yana ɗauke da ƙaryar da kika gaya masa ba. Ki ɗauki wayarsa yau, ki je gidan kafin Litinin. Kada ki je da dogon bayanin allo da maɓalli, wannan na ofis ne. Ya ce miki da ma hannunki takardar ta biyo. Ki zauna a gabansa ki gaya masa hannunki ta biyo, kuma ba ki karanta ba, kuma ranar da ya tambaye ki kin ji tsoro kin faɗi abin da ba shi ba.

Zai ji zafi. Wataƙila barkwancin ya ɗauke na kwana biyu, wataƙila ya daina kiranki Likita na wani lokaci. Ki bar shi, kada ki tsaya a kansa kina jiran yafiya a take, kada kuma kukanki ya yi yawan da zai koma shi ne mai rarrashi. Amma ki tuna ba laifi kaɗai kike kai masa ba. Mutumin nan yana can yana yi wa jikarsa 'yar wata huɗu wasa da hannu a baya, yana zaton akwai abin da zai shafa mata, alhali tun wata bakwai likita ya rubuta babu. Ke kaɗai kika san wannan a duk danginku, kuma kowace rana kika ƙara kina kare fuskarki, daga cikin kwanakinsa da yarinyar nan kike cira.

In kin gama magana, ki nemi ruwa. In matar Kawu ta tashi ɗauko miki, ki ce ta bari, ki miƙa hannu ki ɗauki kofin nan mai jan zare ki sha a gabansu.

Allah ya ba Kawu lafiya ya mayar da shi bakin aikinsa a wuri busasshe, ya sanyaya zuciyarsa a kanki. Ke kuma ya ba ki ƙarfin ƙafa zuwa ƙofar nan ranar Litinin.

Gwaggonku